Alƙaluman Dam ɗin Challawa Suna Nan Kyauta, Amma Waya Kaɗai Ba Za Ta Ɗauko Mana Su Ba

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen Agusta zuwa Satumba, akwai saƙonnin da ba sa fashin yawo a zaurukan WhatsApp na mutanen Karaye da Rogo da maƙwabtansu. Wannan ya ce dam ɗin Challawa ya cika maƙil, wancan ya ce an saki ruwa, wani kuma ya turo bidiyon ambaliyar da babu mai tabbacin ko a Najeriya aka ɗauke ta. Idan rani ya tsananta sai zancen ya juya: ruwa ya ja baya fiye da bara, yashi ya cike dam, nan gaba kaɗan masu noman rani za su rasa na ban ruwa. Tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, babu mai ɗaukar irin wannan magana da wasa, kuma da gaskiyar mutane.

Abin da ke damuna shi ne, a duk wannan ce-ce-ku-ce da wuya ka ji wanda ya kawo lamba. Ruwan ya ja baya da hekta nawa? Idan an ce ya fi bara, wa ya auna na bara? Ruwan saman da aka yi a Rogo bana ya kai na shekaru goma da suka wuce ko bai kai ba? Kowa yana da ra'ayi, ma'auni ne babu. Alhali amsoshin mafi yawan waɗannan tambayoyi suna ajiye a intanet, kyauta, wasunsu tun kafin a haife mu.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Matashin da yake son ya wuce matsayin mai tura saƙo ya zama mai kawo hujja, dole ya koyi nemo alƙaluman kimiyya, ya sauke su a kwamfuta, ya yi musu tambaya da kansa, sannan ya ajiye kwafinsu a hannunsa. Waya za ta raka shi rabin hanya. Sauran rabin aikin kwamfuta ne, ko da kuwa ta aro ce.

Abin da aka tara game da ƙasarmu

Mu fara da dam ɗin kansa. Kamfanin Julius Berger ne ya gina shi a ƙaramar hukumar Karaye, aka kammala a 1992. Tsayinsa mita 42, tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Faɗin ƙasar da ke tara masa ruwa ya haura murabba'in kilomita 3,800, wato kusan ninki uku na Karaye da Rogo a haɗe. Ruwan da ake saki daga cikinsa yana cikin abin da birnin Kano ke sha, daga nan ya gangara ya haɗu da na Tiga ya nufi Haɗeja da fadamun Nguru. Saboda haka lafiyar wannan dam ta shafi miliyoyin mutanen da ba su taɓa taka Karaye ba.

To su wa ke kallon sa daga sama? Taurarin ɗan'adam na Landsat, mallakar Amurka, suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma a 2008 aka buɗe rumbun hotunan ga kowa ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai hotunan yankinmu na tsakiyar shekarun 1980, lokacin da Challawa ke kogi zalla, ba a tare shi ba. Tarayyar Turai tana da Sentinel-2, wanda aka harba na farkonsa a 2015. Kusan duk kwana biyar yana ratsawa ta samanmu, kuma kowane ɗigo a hotonsa yana wakiltar mita 10 a tsawo da mita 10 a faɗi a ƙasa. Gonar hekta ɗaya tana fitowa a ɗigo 100.

Ta ɓangaren ruwan sama akwai rumbun CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, mai ƙiyasin ruwan kowace rana tun daga 1981, a akwatuna masu faɗin kusan kilomita 5. Wannan yana nufin farin 1983 da 1984, wanda iyayenmu ke ba da labarinsa, yana cikin alƙaluman. NASA POWER yana ba da zafi da iska da hasken rana, abin da mai harhaɗa sola zai so ya sani kafin ya auna wa mutum faranti. iSDAsoil yana da taswirar ƙasar noma ta Afirka baki ɗaya a ɗigo mai mita 30. GRID3 yana da iyakokin mazaɓu da wuraren da asibitoci da makarantu da ƙauyuka suke, aikin da ya samo asali daga taswirorin da aka zana domin rigakafin shan-inna a Arewa, Kano na sahun gaba.

Ku lura da wani abu. Kusan duk waɗannan sunaye na waje ne. Ɗalibi a Holan ko Jamus zai iya rubuta kundin digiri a kan ruwan Challawa bai taɓa shan ƙurar hanyar Gwarzo ba, ɗan Turawa kuwa da ke kallon ruwan kullum bai san an tara waɗannan bayanai ba. Ba laifin ɗalibin Jamus ba ne, ƙofa a buɗe take ga kowa. Mu ne ba mu shiga ba.

Inda waya ke tsayawa

Na san abin da wani zai ce: ai ina da Google Earth a wayata, ina ganin dam ɗin sarai. Haka ne, kana gani. Amma abin da kake gani hoto ne da wani ya zaɓa maka, ya gyara launinsa, ya liƙa shi da wasu hotunan da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Kallo kake yi. Ba za ka iya umartar hoton ya ƙirga maka ɗigon da ke ruwa ba, balle ya cire na Afrilu daga na Oktoba ya gaya maka bambancin.

Alƙaluman kimiyya ba sa zuwa kamar hoton biki. Suna zuwa ne a fayiloli irin su GeoTIFF da NetCDF da CSV, waɗanda kowane ɗigo ko layi a cikinsu lamba ce da aka auna. Fage ɗaya na Sentinel-2 yana rufe kusan kilomita 100 a tsawo da faɗi, kuma nauyinsa yakan kusanci gigabait 1. Wayar da ke kukan cikewa saboda bidiyon TikTok ba za ta ɗauki goma irinsa ba. Ko ta ɗauka, yawancin manhajojin waya ba su san yadda za su buɗe shi ba. Hatta a kwamfuta, Excel yana tsayawa a layi 1,048,576, kuma akwai fayilolin da suka ninka haka.

Abu na biyu shi ne yankewar sabis. Duk wanda ya taɓa sauke babban fayil a ƙauye ya san takaicin ya kai kashi 90 cikin 100 sabis ya ɗauke, burauza ta ce a sake daga farko. Manhajojin sauke fayil na kwamfuta, irin su Free Download Manager ko wget ko aria2, suna ci gaba daga inda aka tsaya matuƙar rumbun ya yarda da haka. Za ka iya jera musu fayil ashirin ka bar su suna aiki cikin dare, lokacin da kamfanonin waya ke sayar da data da rahusa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowane megabait da ya tafi a banza yana da zafi.

Abu na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina a matsayin mai rubuta manhaja, shi ne maimaitawa. Idan ka yi lissafi a kwamfuta ka adana matakan, ko a fayil ɗin aikin QGIS ko a 'yan layukan Python, wani zai iya bi sawunka ya ga ko sakamakonku zai zo ɗaya. Idan ka yi kuskure zai kama ka, idan ka yi daidai zai tabbatar. Hoton allo da aka turo a WhatsApp ba shi da sawun da za a bi.

Sai kuma sabon yayi, wato tambayar ChatGPT ko Meta AI. Ka tambaye su yawan ruwan saman da aka yi a Rogo a wata shekara, mai yiwuwa su ba ka lamba cikin ƙarfin hali, lambar da ba lallai ne ta fito daga wani ma'auni ba. Suna da amfani wajen bayyana maka saƙon kuskure ko taya ka gyara layukan Python. Amma lamba, daga rumbunta ake ɗauko ta.

Yadda neman ke tafiya

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta: faɗin ruwan Challawa yana raguwa da hekta nawa daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen rani, kuma raguwar tana ƙaruwa shekara bayan shekara ko kuwa?

Tambayar ce farko, kafin a kunna kwamfuta. Masu fara koyo da yawa sukan sauke duk abin da suka ci karo da shi, su cika ma'adana da fayilolin da ba za su taɓa buɗewa ba. Tambayarmu ta riga ta gaya mana abin da muke buƙata: hotuna biyu a kowace shekara, ɗaya wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba lokacin da gajimare ya washe, ɗaya wajen Afrilu kafin ruwa ya sauka.

Manhajar aikin ita ce QGIS. Kyauta ce, tun 2002 ake gina ta, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma da zarar ka sauke ta ba ta neman intanet kafin ta buɗe. A cikinta ana ƙara wasu ƙananan manhajoji. Semi-Automatic Classification Plugin yana ba ka damar zana akwati a kan taswira, ka sa ranakun da kake so da iyakar gajimaren da za ka lamunta, ya jero maka hotunan da ke akwai. QuickOSM yana ɗauko hanyoyi da koguna daga OpenStreetMap. Hotunan Sentinel suna buƙatar rajista a Copernicus Data Space Ecosystem, na Landsat kuma a EarthExplorer, duka kyauta. Ita rajistar ana iya yin ta a waya.

A nan akwai tarkon da ɗan gari ne kaɗai zai gane shi. Kada ka dogara da suna wajen nema. A ƙaramar hukumar Karaye akwai mazaɓar Daura, akwai ta Yola. Ka rubuta su a akwatin bincike ka ga inda za a kai ka: ɗaya Katsina, ɗaya Adamawa. A Rogo akwai mazaɓar Falgore, amma injin bincike dajin Falgore na wajen Doguwa ya sani. Ita kanta kalmar Rogo, hotunan rogon ci za ta jawo maka. Challawa kuwa wani ya rubuta da l ɗaya, wani da biyu. Maganin wannan shi ne lambobin wuri. Garin Karaye yana wajen digiri 11.8 arewa da digiri 8.0 gabas. Ka fara daga nan, ka ja taswira da idonka har ka ga ruwan, ka zana akwatinka. Baƙo zai iya ɗauko alƙaluman Yolar Adamawa ya liƙa wa Karaye bai sani ba. Kai ba za ka yi haka ba, kuma wannan ita ce fa'idar da kake da ita a kansa.

Ba sai ka sauke fagen gaba ɗaya ba. Sentinel-2 yana ɗaukar hoto a zanguna 13 na haske, mu biyu kawai muke so: zango na 3, wato kore, da zango na 8, wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da ja. Sirrin shi ne ruwa yana shanye wannan haske na zango na 8, ganye da busasshiyar ƙasa kuwa suna mayar da shi sama. Idan ka cire na 8 daga na 3, ka raba da jimillarsu, wuraren da ke da ruwa za su fito da lamba sama da sifili, tudu ya fito ƙasa da sifili. QGIS tana da kalkuleta da ke yin wannan a kan miliyoyin ɗigo cikin ɗan lokaci. Sai ka ƙirga ɗigon ruwa, ka raba da 100, ka samu hekta.

Ka yi haka ga Oktoba da Afrilu na kowace shekara tun daga 2016, ka zuba a tebur. Ka ɗauko ruwan saman CHIRPS na yankin da ke tara wa dam ɗin ruwa ka ajiye a gefensa. Yanzu kana da abin da babu shi a duk zaurukan WhatsApp ɗin nan: jerin shekaru, kowace da lambarta. Idan kana son ka gwada aikinka da na wasu, Digital Earth Africa da rumbun Global Surface Water na Tarayyar Turai, wanda ya faro daga 1984, duk suna da taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya. Irin wannan hanya za ta yi aiki a dam ɗin Kusalla da ke kusa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima, za ta yi a kowane tafki da ya kai girman da tauraro zai gani.

Zanen aro ba ya rufe katara

Akwai dalilin da ya sa nake nanata a sauke a ajiye, maimakon a riƙa leƙawa a intanet duk lokacin da buƙata ta taso. A ƙarshen Janairun 2025, bayan da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumar USAID, shafin FEWS NET ya ɗauke ɗif. Wannan shiri ne da ke bibiyar damina da farashin hatsi da barazanar yunwa tun 1985, kuma Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin wuraren da ya fi sa wa ido. Sai bayan watanni ya dawo. A daidai wannan lokaci shirin DHS, mai riƙe da alƙaluman binciken lafiyar iyali na Najeriya tun daga 1990, shi ma ya tsaya da karɓar sababbin masu neman bayanai. Wanda ya riga ya sauke nasa ya ci gaba da aiki. Wanda ya ce ai suna nan a intanet ya zauna jiran hukuncin da ake yankewa a Washinton.

Kyautar da wani ke ba ka, ranar da ya ga dama zai iya rufe hannu. Don haka duk fayil ɗin da ka sauke, ka ajiye shi wuri biyu, a kwamfuta da kuma filash ko ma'adanar waje. Ka buɗe ƙaramin fayil na rubutu a gefensa ka rubuta inda ka samo shi, ranar da ka sauke, da sharaɗin amfani da shi, domin yawancinsu suna neman a ambaci mai su. Bayan shekara biyu ba za ka tuna ba, takardar ce za ta tuna maka.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko, babu kwamfuta. Gaskiya ne ba kowa ke da ita ba, kuma ba zan raina wannan ba. Amma aikin ba ya buƙatar sabuwa dal. Kwamfutar cinya ta hannu, irin wadda ake samu a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8, ta wadatar. Kuma ba dole kowa ya mallaki tasa ba. Mutum biyar za su iya haɗuwa a kan guda. Akwai shagunan buga takardu, akwai cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB, waɗanda kwamfutocinsu kan yi watanni a rufe bayan an gama jarrabawa. Da yawanmu mun riƙe wayar da kuɗinta ya kai na irin wannan kwamfuta. Magana ce ta abin da mutum ya sa a gaba.

Na biyu, babu wuta. Wannan ma gaskiya ne, sai dai hujja ce da ke goyon bayana. Aikin da ya dogara da intanet kowane minti shi ne rashin wuta da sabis ke kashewa. Wanda ya sauke alƙalumansa sau ɗaya, ko a Kano ko a duk inda sabis ke da ƙarfi, zai dawo gida ya yi makonni yana aiki da batiri da cajin sola, ba tare da ya kunna data ba. Kuma fayil ɗin da mutum ɗaya ya biya data ya sauke, mutum hamsin za su kwafa a filash.

Na uku, Turanci da lissafi. Ni ma sakandare na gama, da bidiyon YouTube da takardun bayanin manhajoji na koyi sana'ar da nake ci da ita. Lissafin da na kawo a sama bai wuce ɗebewa da rabawa ba. Turancin da ake buƙata kalmomi ne 'yan kaɗan da ke maimaita kansu. Wanda ya iya saita asusun kirifto ko ya buɗe wayar da ta kulle, ya riga ya haye abin da ya fi wannan wuya.

Na huɗu, wannan aikin gwamnati ne. Tabbas akwai hukumomin da aka ɗora wa nauyin. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA tana fitar da na ambaliya, NASRDA kuma ta harba NigeriaSat-1 tun 2003. Amma hasashen da aka yi wa ƙasa baki ɗaya ba zai gaya wa manomin Zarewa ko na Yammedi abin da ke faruwa a fadamarsa ba. Sannan hukuma takan fi saurarar wanda ya zo da takarda. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Wasiƙar da ta ce muna jin an ce dam ya cike, da wadda ta zo da tebur na shekaru tara tana neman a ba ta ma'aunin hukuma domin a gwada, ba za a yi musu kallo ɗaya ba.

Abin da tauraro ba ya gani

Kada kuma mu tsallake daga jita-jitar baki mu faɗa jita-jitar taswira. Taswira mai launi tana da kwarjini, mutane sukan gaskata ta ko da ƙarya ce, don haka nauyin da ke kan mai yin ta ya fi na mai tura saƙon murya.

Tauraro saman ruwa yake gani, ba ya ganin zurfi. Dam zai iya shimfiɗuwa yadda ya saba alhali yashi da laka sun cinye cikinsa. Sanin wannan sai an shiga jirgin ruwa da na'urar auna zurfi. Saboda haka lissafinmu zai nuna faɗi ne kawai, kuma dole mu faɗi haka a fili duk inda muka kai shi. Raguwar faɗin ma ba kullum take nufin matsala ba, wataƙila ruwa aka saki da gangan domin Kano da Haɗeja. Hoton ba zai gaya maka ko bangon dam yana da lafiya ba, wannan aikin injiniyoyi ne. Ciyawar da ta rufe bakin ruwa tana iya sa kwamfuta ta ɗauka tudu ne. A watan Agusta, lokacin da aka fi buƙatar hoto, gajimare ne ke rufe komai, a hunturu kuma ƙura tana dusashe shi.

Ruwan saman CHIRPS ƙiyasi ne, ana haɗa sanyin gajimare da tauraro ya auna da rahoton tashoshin ƙasa, kuma tashoshin ba su da yawa a yankinmu. Akwatin NASA POWER ya haura kilomita 50 a kowane gefe, faɗin da zai haɗiye Karaye da Rogo har da ragowa, alhali kowa ya san ana iya tafka ruwa a Tudun Kaya, Gwangwan ko ɗigo ba ta samu ba. Yawan jama'a ma haka, ƙidayar ƙarshe a 2006 aka yi ta, duk lambar da ka gani bayan nan hasashe ce.

Waɗannan giɓi su ne wurin da muke da abin bayarwa. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki, a kafa shi a fili nesa da bishiya da indararo, a sa rula a auna milimita kowace safiya a rubuta a littafi, wannan ma'aunin ruwan sama ne. Karaye tana da mazaɓu 10, Rogo tana da 10. Da makarantar sakandare ɗaya a kowace mazaɓa za ta riƙe irin wannan littafi na tsawon damina uku, da mun samu abin da za mu gwada ƙiyasin tauraro da shi, mu san inda yake daidai da inda yake zarcewa. A nan waya ke da babban aiki: ɗaukar lambar wuri, ɗaukar hoton bakin ruwa da kwanan wata, tura ma'aunin safiya zuwa ga mai tarawa. Waya ta tattaro daga fili, kwamfuta ta tace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya auna yoyon kafin magini ya san yawan kwanon da zai sayo.

Abin da nake ganin ya kamata

Ba na kiran a kafa kwamiti ko a jira tallafi. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan Karaye da Rogo suna da kuɗin da suke kashewa a taron sallah da bugun kalanda. Kaɗan daga ciki zai sayi ma'adanar waje mai terabait 1. A zuba mata QGIS, da iyakokin mazaɓu, da ruwan sama tun 1981, da hotunan dam na kowace shekara, a ajiye ta a wurin da kowane ɗalibi zai zo ya kwafa. Waɗanda suka samu horon 3MTT a fannin nazarin alƙaluma, maimakon su ci gaba da gwaji da jerin fasinjojin jirgin Titanic da farashin gidajen Amurka, su gwada da ruwan garinsu. Aikin da aka yi a kan Challawa, da taswira da bayanin yadda aka yi shi, zai fi ɗaukar hankalin mai ɗaukar aiki fiye da takardar shaida ta goma. Idan aka samu abin da ya fi ƙarfinmu, Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba su da nisa, kuma malami ya fi buɗe ƙofa ga wanda ya zo da aiki a hannu.

Sharaɗi ɗaya zan ƙara: duk abin da aka gano a rubuta shi da Hausa, a kai shi inda masu shi suke, wato wurin masunta da masu noman rani da masu unguwanni. Alƙaluman da suka tsaya a kwamfutar mutum ɗaya ba su bambanta da waɗanda ke kwance a rumbun Turai ba.

A wannan makon, ka yi rajistar Copernicus a wayarka, ba za ta ci maka data mai yawa ba. Ka nemi wanda ke da kwamfuta a unguwarku ku sa QGIS. Ku sauke hoto biyu kacal, na Oktoba da na Afrilu, ku ƙirga. Lambar farko da za ku fitar da hannunku ita ce mai wuya, sauran duk maimaici ne.